Ƙafar Lauje

Sydney, 9 ga Maris, 1987

Noelene ƙawata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mamanki da kyanwar nan taku mai mugun hali. Na san za ki ce yau kuma wace iska ta kwaso Tamsin, bayan shekara da shekaru ko kati babu. To, gwiwa ce ta kwaso ni. Likita ya buɗe ta sau biyu, a na biyun ya ce in nemi sana'ar zaune. Kamfanin rawa suka ba ni furanni suka raka ni bakin ƙofa, kafin in sauka daga bene wata 'yar yarinya ta riga ta sa kayana.

Na ji labarin ciwon ƙugu ya kayar da malamarmu ta rawa, Madam Szabadi, za ta saki ajin manya. Na rubuta mata cewa ina so, kuma gara ki ji daga bakina. Na san ke ce a wurin, kina fama da 'yan ajin Asabar masu fitsari a ƙasa tun muna 'yan mata, amma ai ba abin da za ki rasa, yara suna sonki.

Har yanzu makarantar tana saman shagon mahaucin nan? Har yanzu Madam tana buga sandarta a ƙasa? Tabon sandar yana nan a idon sawuna, na ranar da na miƙa ƙafa ta lanƙwashe ciki. "Lauje! Ciyawa kika zo yanka ko rawar bale?" Ke kuwa kina gefena, ta wuce ta ce miki "ya yi kyau", abin da take ce wa 'ya'yan likitan haƙori da ba ta sa ran komai a kansu. Har kishinki na riƙa yi a lokacin. Ƙuruciya dangin hauka.

Taki har kullum,
Tamsin Kilgour

Launceston, 21 ga Maris

Tamsin,

Na amsa gaisuwarki. Mama ta daɗe da rasuwa, kyanwar ma ta bi ta. Allah ya ba gwiwa lafiya, ko da yake duk wanda ya san yadda kike dirowa daga tsalle ba zai yi mamaki ba.

Rawa daban, koyarwa daban. Lokacin da ake tafa miki, ni kowane hutu ina cikin jirgin ruwa zuwa Melbourne kwas ɗin malamai. Na haddace sunan kowane ƙashi da ke cikin ƙafa, na ci jarrabawa hawa-hawa har ta ƙarshe. Kin taɓa tsayawa kina fuskantar aji, bakinki yana cewa "dama" kina ɗaga hagu don su kwaikwaye ki daidai? Kin taɓa gaya wa uwa cewa 'yarta ba ta isa yin rawa a kan tsinin yatsun ƙafa ba, ta bi ki da zagi har bakin titi? 'Yan matan ajin manyan nan ni na koya musu tsayuwa, ɗaya bayan ɗaya. Ni ke buɗe ƙofa, ni ke kunna hitar ɗumama ɗaki, ni ke kai Madam asibiti. Ajin nan shi nake jira duk rayuwata, ba ni da wani abu bayan shi.

Madam ta ce bayan bikin Ista kowaccenmu za ta koyar da darasi ɗaya a gabanta, sannan ta zaɓa. Ki zo. Benen yana nan da tsayinsa, ki taho da abin dogarawa.

Batun "ya yi kyau" kuma, ba sai kin fassara mini ba. A ɗakin rawa ɗaya muka girma.

Ki huta lafiya.
Noelene Prowse

Sydney, 4 ga Mayu

Noelene,

Ina gaisuwa. Na dawo haɗa kayana, kuma tunda kin ƙi tsayawa mu yi magana ranar gwajin, ga takarda.

Kin dai ga abin da matar nan ta yi mini. Yara ba su ko saki katakon da ake dafawa ba ta buga sanda. "Kilgour! Ƙirga kike ko atishawa? Ki dubi yaran, madubi ba ɗalibinki ba ne! Mai kaɗa fiyano ba bokanya ba ce, ki buɗe baki ki gaya mata abin da kike so!" A gaban 'yan mata, da girmana da komai. Na shige banɗaki na sha kuka kamar da. Ina fitowa ta ce, "Ban taɓa ganin malama mai muni irinki ba. Ki zo farkon Yuni mu fara gyara ki." Ajin nawa ne, Noelene. Ta ce ni in gaya miki.

Amma ke me ya same ki? Darasinki tsaf, ƙirga tsaf, sai ga ƙafarki ta yi lauje sak, tun daga farko har ƙarshe, a gaban hancin Madam! Har yaran suna zungurar juna. Duk takardun nan da sunayen ƙasusuwa? Wallahi kin ba ni tausayi. Sa'arki ɗaya ba ta tozarta ki ba, ta ce ya yi kyau kawai ta nemi a kawo mata shayi. Kada ki damu, in na zo zan riƙa duba miki ƙafar bayan an tashi.

Ƙawarki,
Tamsin

Launceston, 10 ga Mayu

Madam,

Gaisuwa da girmamawa irin ta ɗaliba ga malamarta, da fatan ƙugu ya yi sauƙi. Ta gidan waya na turo wannan, ko da yake ni zan kawo miki maganinki gobe, saboda a gabanki bakina ba ya buɗuwa.

Tamsin ta isar da saƙonki. Ita a zatonta kuskure na yi. Ke kin san ƙafata, tun ina ƙarama ba ta taɓa yin lauje ba. Da gangan na yi. Tun ranar da kika ce a yi gwaji na san wadda za ki ba ajin, sai na ce to ko sau ɗaya ne in ji sunana a bakinki da tsawa. Na yi ta koya wa ƙafar nan lanƙwasa a kicin har idon sawuna ya kumbura. Ranar kuma na matso dab da kujerarki na yi, na sake yi, ina jiran sandar. Na ga idonki a kan ƙafar, Madam. Kin gani.

Ina shekara goma sha ɗaya kika daina gyara ni. Ban san abin da kika hango ranar ba, ba ki faɗa ba, ni kuma na zauna ina share miki ɗaki. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ni nawa dutsen yana nan yadda yake, itacen ne ya ƙare. Na tsane ki, kuma har yau in na ji ƙarar sandarki a bene sai na gyara tsayuwa ina murna. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na bar wa Tamsin ajin. Abu ɗaya nake roƙo: ki gaya mini abin da ba daidai ba a tare da ni. Ɗaya tak, ko a ƙafa, ko a hali, ko a wasiƙar nan. In ba haka ba, ki nemi wadda za ta riƙe miki ajin Asabar.

Ɗalibarki,
Noelene

Launceston, 13 ga Mayu

Noelene 'yata,

Na gode da gaisuwa, ƙugu da sauƙi. Ranar Asabar ki zo da wuri, hitar tana ba da wahala.

Na karanta wasiƙarki har ƙarshe. Ta yi kyau.

I. Szabadi