Kujerar da Ɗana Ya Gada Ina da Rai

Ni Wendell Prather, mai shekara saba'in da takwas, nake rubuta wannan da hannuna a kan teburin kicin, a gidanmu na Mississippi. Hankalina garau yake, ba kuma wanda ya sa ni. Makon jiya likita ya faɗa mini gaskiya: ciwon ya kama hanta, da wuya in ga buɗe kakar ƙwallo ta bana. Rabon gida da fili yana cikin takardar lauya. Wannan taku ce ku biyu, Corinne da Thaddeus, kuma abin da ke cikinta ya fi gidan nauyi a wurina.

Na ɗaya. Ku binne ni kusa da mahaifiyarku Ardella, a bayan cocinmu. Ba na son 'yan badujalar kwaleji, ba na son jawabin shugabanta. Shekara ashirin da shida na horar musu da 'yan wasan ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu, suka sallame ni da takarda mai layi uku. Na yafe musu, amma kada su zo kan kabarina su ce ni gwarzo ne. Tsofaffin 'yan wasana su ɗauki akwatin.

Na biyu. Zoben da aka ba ni na tunawa da kofin da muka ci a 1987 ba naku ba ne. Ku kai wa Cleon Mabry, yana shagon gyaran taya a bakin babban titi. Kafin in samo shi, wasa biyar kacal na ci cikin shekara biyu, har an fara neman wanda zai maye gurbina. Sai na ga Cleon a wani ƙauyen masu noman auduga, yana gudu da ƙwallo mutum uku na rataye a jikinsa sun kasa kayar da shi. Na kawo shi, muka fara ci, jaridu suka ce Prather ƙwaro ne. Ban canza komai ba. Abin da nake koyarwa muna shan kashi, shi nake koyarwa muna ci.

Ana gobe wasan ƙarshe gwiwarsa ta kumbura suntum, likita ya ce a hutar da shi. Na ja shi gefe na tambaye shi ko zai iya, alhali na san ɗan shekara ashirin ba ya ce wa kocinsa a'a. Ya ce, "Koci, in ka ce in shiga, na shiga." Ya shiga, ya ci mana, gwiwar ta tsinke. Manyan ƙungiyoyin da ke zawarcinsa suka janye. Har yau yana ɗingishi, kuma duk inda muka haɗu shi yake fara miƙo mini hannu. Ku ce masa na san abin da na yi.

Na uku. Thaddeus, wannan naka ne, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Ka tuna watan Disamban da aka kore ni. Kaka biyu a jere muna faɗuwa, tsofaffin ɗalibai masu ba kwaleji kuɗi suka ce Prather ya tsufa. Aka kira ni da safiyar Litinin, kafin la'asar an yi maka tayin kujerar, kai da ka yi shekara tara kana mataimakina. Ka same ni a tsakar gida ina wanke mota. Ka ce, "Baba, sun ba ni. In ka ce kada in karɓa, ba zan karɓa ba." Ban ɗago kai ba. Na ci gaba da goge gilashin da ya riga ya fita tas, har ka gaji da tsayuwa ka tafi. Na san da ka ƙi, baƙo za su kawo ya share duk mataimakana takwas da iyalansu. Ka karɓa, ba wanda ya rasa abincinsa a cikinsu. Wannan ma na sani tun a ranar.

Kaka ta zagayo, ka ci wasa goma sha ɗaya cikin sha biyu, ka ɗauki kofi. Wani mai shirin wasanni a rediyo ya bugo mini, yana so in taya ka murna. Abin da na ce ba sai na tuna maka ba, amma zan rubuta shi don in gan shi da idona: "Yaran nan ni na bi gida-gida na kawo su. Ko tsintsiya aka jingina a bakin fili aka rataya mata usur, za su ci kofi."

Jihar nan kaf ta yi dariya. A shagunan aski ba a yin wata hira sai ita. Magoya bayan abokan karawa suka riƙa zuwa fili da tsintsiya suna ɗaga maka. Ba ka taɓa mayar mini da martani ba, ko a jarida ko a gida. Ka dai daina zuwa. Yau shekara goma sha ɗaya.

Bayan rasuwar mahaifiyarku, da gida ya yi mini faɗi, na ɗauko faya-fayen wasannin shekarar na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Yaran nawa ne, haka ne. Amma da su ɗin na faɗi wasa bakwai. Na ga ka ɗauko Otha Lacey daga benci ka mai da shi mai jefa ƙwallo, abin da ka yi shekara biyu kana roƙona ina cewa gajere ne, ba zai hango komai ta bayan ƙattin gaba ba. Na ga ka rage musu atisayen tsakar rana, suka kai watan Nuwamba da ƙarfinsu, alhali a hannuna kafin lokacin sun zama ragga. Kofin nan naka ne, ɗana. Ƙarya na yi a rediyo, kuma ba rashin sani ba ne, hassada ce.

Akwai abin da ya fi wannan muni. A shekararka ta huɗu, da yaran suka gama karatu, manyan jami'o'i suka kwashe waɗanda ka so ɗauka, sai ka fara faɗuwa, kai ma aka sallame ka. Labarin ya same mu muna cin abinci. Na ce, ai na faɗa. Mahaifiyarku ta ajiye cokali, ta tashi ta fita lambu, ba ta sake yi mini magana ba sai bayan kwana uku.

Shekara arba'in mutane na tambayata, gwanintar 'yan wasa ce ke cin wasa ko ta koci? Amsar da nake bayarwa ta danganta da wanda ya ci. In ni ne, koci ne. In wani ne, yara ne. Gaskiyar da na sani yanzu ita ce, ba kocin da ya isa ya sa wa yaro gudu a ƙafa, kuma ni kafin in samo Cleon an kusa nuna mini ƙofa, kai da ka rasa gwanaye aka nuna maka ita. Amma koci yana iya binne gwani a benci shekara biyu, kamar yadda na yi wa Otha, yana kuma iya cinye shi a wasa ɗaya. A nan ne hannunmu yake, kuma a nan ka fi ni.

Na huɗu. Corinne, 'yata, ke kika zauna da ni, ke kike kai ni asibiti, Allah ya saka miki. Amma faɗan da kika ɗauka nawa ne, kuma ba ni da gaskiya a cikinsa. Ranar jana'izar mahaifiyarku kin ce wa ƙanenki bencin gaba na iyali ne, ya koma baya ya zauna da matarsa da 'ya'yansa cikin baƙi. Ina jin ki, ban hana ki ba. Laifin a wuyana yake, amma ke za ki buɗe baki ki ba shi haƙuri. Ki tuna yadda duk bikin godiya na ƙarshen Nuwamba mahaifiyarku take gasa talotalo biyu, ta ci da mu da rana, ta ɗauki ɗayan ta yi tuƙin awa biyu zuwa gidansa. Ta rasu ba ta gan mu a tebur ɗaya ba.

Na biyar. Littattafan dabarun wasana da faya-fayen duk na Thaddeus ne. Ka ɗauki mai amfani, ka ƙone saura. Na ji wata kwaleji na nemanka daga makarantar sakandaren da kake horarwa a Arkansas. In ka so ka je, amma ka shiga da sanin cewa wata rana za su kore ka, kuma wanda zai gaje ka ba maƙiyinka ba ne. Ka kira shi ka yi masa fatan alheri.

Ba ka sani ba, bara na zo kallon wasanku. Na zauna can sama na ja hula. Na ga wani ɗan wasanka ya bugu a ka, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, kuna bayan abokan karawa da maki huɗu. Ka karɓe hular kwanonsa ka riƙe a hannu har aka tashi, kuka faɗi wasan. Na sauko har bakin shinge, ina ganin ƙeyarka ta fara furfura. Na kasa kiran sunanka, na koma mota.

Da farko niyyata a ba ka takardar nan bayan an rufe ni, don kada in ga fuskarka. Na fasa. Corinne, ki kai masa da hannunki gobe. Thaddeus, in ka zo ba sai ka ce komai ba, ka zauna kawai. In ba ka zo ba, ba ka yi laifi ba, kada kuma kowa ya ce ka yi.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ya ba ku zuciyar da ta fi tawa taushi. 'Ya'yanku biyar ne, za su iya wuce juna a titi ba su gane ba. Ku haɗa su, ku riƙa cin abinci tare, kada ku bar gidan nan ya watse a kan wasa. Ku biyu kaɗai kuka rage wa juna.

Mahaifinku,
Wendell Prather