Fason Ƙafar Baba

Juma'a, 3 ga Fabrairu, 1989

Yau da safe na iske Baba a zaure ya ɗaga ƙafa yana nuna wa Malam Sambo maƙwabcinmu dugadugansa. "Duba, sumul! Man da Lawal ya kawo min daga Kalgo ke nan. Allah shi yi wa yaron nan albarka."

Ina tsaye da buta a hannu. Ko kallona bai yi ba.

Tun da aka fara ban ruwan albasa faso ya tsaga ƙafar nan har tana jini. Ni ke jiƙa ta a ruwan ɗumi bayan la'asar, in goge kaushin da dutse, in murza man kaɗe har yatsuna su sage. Kwalbar Yaya Lawal fa wancan makon ta shigo gidan.

Asabar, 4 ga Fabrairu

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Hamidu, mai ne ke aiki, hannu rakiya yake yi." To.

Talata, 7 ga Fabrairu

Na daina murza masa ƙafar. Na ce aiki ya yi yawa a lambu. Baba na lakatar man Lawal da kansa, ya shafa sama-sama, ya zura takalmi. Ƙamshi kam akwai. Ƙasa duk ta manne a kai.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Diddigen hagu ya buɗe. Na ga jini a tabarmar sallarsa. Na wuce lambu.

Laraba, 22 ga Fabrairu

Yaya Lawal ya leƙo, ya ce a riƙa ƙara yawan man. Ya sha fura ya koma Kalgo. Ko sunkuyawa bai yi ya duba ba.

Juma'a, 24 ga Fabrairu

Baba bai iya takawa zuwa masallacin Juma'a ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba.

Bayan la'asar na ɗora ruwa. Ba don komai ba, wutar ce ke ci a banza. Man Lawal ɗin na ɗauko, shi na murza, kuma ya shige fata kamar na kaɗe. Baba ya runtse ido, sannan ya ce, "A hankali, Hamidu. Wannan hannun nika jira."

A zaure ba zai faɗa ba, na sani. Amma Inna na bakin murhu, ƙanwata Albarka kuma ita ke riƙe da kwanon ruwan.