A Dawo Wa Inna Da Uwar Gadalinta

Zuwa ga mai girma Shugaban Ɗakin Binciken Tsirran Magani, Injamena.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Hadiza, mai kai atamfa Gile da ke bakin iyaka, wadda kuka sha gani a bencin ƙofar ofishinku har mai gadi ya daina tambayata sunana. Na gaji da zaman benci, shi ya sa na rubuta a fili.

Na ɗaya. Damina uku ke nan da kuka zo lambunmu na Tukra da ɗalibanku. Kuka tsaya kan gadalin mahaifiyata, mai farin fure da jan layi, kuka ce a albasar irin waɗannan furanni akwai wani sinadari da ake tacewa don taimakon tsofaffi masu mantuwa. Kun faɗi haka a gaban Inna, wadda a lokacin ta fara sa gishiri sau biyu a miya. Wace 'ya ce za ta ji wannan ta hana? Na ce ku ɗiba.

Na biyu, kuma a nan ina da nawa laifin. Gadalin nan kakanmu ne ya ɗauro shi a tsumma lokacin da ya taso da niyyar Makka a ƙafa, tafiyar ta tsaya masa a garin nan. A gidanmu ba a taɓa uwar. Sai fure ya faɗi ake tona gefe da hannu, a ɓalle 'ya'yan, a mayar da ƙasa. Ko jikokinmu sun san haka, don haka bai zo mini a rai in faɗa ba. Ranar da ɗalibanku suka dawo ina gadar kan iyaka, kayana sun maƙale a can. Suka sa shebur suka kwashe komai, buhu biyu, uwa da 'ya'ya. Na iske rami.

Na uku. Kun ce sakamako zai fito bayan watanni kaɗan. Tun daga nan nake zirga-zirga daga unguwarmu ta Milezi zuwa ofishinku. Yau injin ya lalace, gobe babu wuta, jibi an aika samfurin waje. Sakatarenku ma ya ba ni shawara in riƙa bugo waya, wai in huta da kuɗin mota. Wayar tana ƙara, ba mai ɗauka.

Ban ce ku yi gaggawar ba kowa magani ba. Mun san albasar nan dafi ce, Inna ba ta taɓa barin yaro ya kai ta baki ba. Idan bincike yana son shekara goma, ya ci goman.

Amma Inna ba ta da shekara goma. Yanzu ba ta san sunana ba, "baiwar Allah" take ce mini. Duk da haka, duk ranar da na kai ta lambu, kai tsaye take nufar wurin nan da butarta, ta zuba wa ramin ruwa, ta juyo ta ce, "Bai fito ba har yanzu?" Nakan ce saura kaɗan. Na ƙosa da yi wa mahaifiyata ƙarya, kuma hankalina ba ya kwanciya ko a kasuwa.

Roƙona biyu ne. Ku gaya mana gaskiyar abin da kuka gani, ko da babu komai. Sannan na hango tukwane jere a bayan ofishinku, kuma na gane ganyen. Ku ba mu ɗaya kafin ruwan farko ya sauka, don a lokacin yake fure. Ba lallai uwar ba, ko 'yar ƙarama ta isa.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa binciken ya amfani iyayen wasu, ya tsare muku naku iyayen. Idan maganin ba zai riski Inna ba, ku bari furen ya riske ta tun tana tambayarsa.

Wassalam.

Hadiza, Milezi.