Amanar da Zan Kai Gaban Alƙali

Malam,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da zan dame ka a inda kake kwance. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Amma shekara ashirin da takwas ban taɓa yanke magana ban gaya maka ba, ban san yadda zan fara yanzu ba.

Ina nan Doha, gidan aikin da ka sani a unguwar Al Gharrafa, ina takabata a kicin ɗin mutane. Matar gidan ta yi mini kirki, ta ɗauke mini zuwa cefane har in fita takaba. 'Yarmu Ummi tana wajen yayarka, tana cin abinci kaɗan-kaɗan. Shagonka na rufe, an lulluɓe keken ɗinkin da zane.

Abba kuma yana gidan yari, Malam. Ɗanka na fari. Ana tuhumarsa da kashe ka.

Ka tuna faɗan da kuka yi da yammar rannan, da ya ce zai biyo ni Doha aikin gadi ka hana? Maƙwabta sun ji. Sun ji ya ce ko kana so ko ba ka so sai ya tafi. Washegari da hantsi shi ya same ka a shago, kanka ya bugi ƙafar keke. Kafin ya kira kowa sai da ya canza maka wando, ya goge maka baki, ya wanke daɓen tas. Aka yi maka sutura kafin Azahar, ba likitan da ya duba ka. Bayan kwana uku ƙaninka Sabo ya kai ƙara.

Majistare ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Faɗa, jini a hannun riga, daɓe a jiƙe, gaggawar binnewa. Ya ce sun isa a tura Abba babbar kotu. Ba wanda ya ga komai da idonsa. Lauyar da muka samu ta ce za ta ƙalubalanci umarnin, domin irin wannan hujja ba ta tsayawa sai in babu wani bayani da zai iya zama gaskiya. Ta tambaye ni a waya ko na san wani bayanin. Na ɓoye mata.

Na sani mana. Ni kaɗai na sani.

Shekara shida kana faɗuwa. Farfaɗiya, da ba ka taɓa yarda a ambaci sunanta a gidanmu ba. Ka sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba, ko yaran, don kada a ce jininmu ne a guji Ummi. Garin nesa kake zuwa karɓar magani don kada a gan ka. Mako biyu kafin rasuwarka ka turo mini saƙon murya, ka ce abin ya dawo, sau biyu a wata ɗaya, ka ce in goge in na ji. Ban goge ba. Wannan ma ka yafe mini. Muryarka nake so, ba wani abu ba.

Abba bai faɗa wa 'yan sanda dalilin wankin ba. Har yau bai faɗa ba. Ni na gane abin da ya tarar, don na sha tararwa. Ya ga mahaifinsa a halin da ba ya son wani ya gan shi, ya rufa masa asiri. Mu muka koya masa haka. Yanzu an kira rufin asirin ɓoye laifi. Wa zai yi wa kotu bayanin kunya?

Na kwana biyu ina juya abin. A makarantar allo an koya mana nauyin amana, an kuma koya mana cewa ɓoye shaida zunubi ne, ba a gaya mana yadda za a yi in sun haɗu a wuya ɗaya ba. Ranar Juma'a na je unguwar Fereej Abdel Aziz wajen wani malami ɗan ƙasarmu da ke yi wa direbobi limanci. Ban faɗi sunanka ba. Ya ce rai yana gaba da rantsuwa, in yi kaffara in faɗi gaskiya, kuma fita don larura ba ta ɓata takaba. Na fara azumin jiya. Amma ba shi na yi wa alkawari ba, kai na yi wa.

Akwai wani abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ni na zuga Abba ya zo. Na ce ya dage, za ka sauko. Kaɗaici ne ya ishe ni, ina son in ga nawa ko ranar hutu. Da ban yi ba, da maƙwabta ba su ji komai ba.

Ranar Lahadi zan shiga jirgin ƙasa, in canza a tashar Mushairib, in je ofishin jakadanci in yi rantsuwa a rubuce. Zan miƙa saƙonka, da sunan asibitin. Lauya ta ce ba ta yi mini alkawarin za a soke umarnin ba. Mai yiwuwa a karanta ciwonka a bainar jama'a, dangin saurayin Ummi su ji su janye, Abba kuma ya ci gaba da zama a ciki. Na san da haka. Zan je.

Ban ce ka ji daɗi ba. So nake kawai in san ba ka riƙe ni ba. In Allah ya ba ka iko, ka zo mini ko a mafarki, ko ba ka yi magana ba zan gane daga fuskarka. Don Allah kada ka jinkirta, Lahadi saura kwana huɗu.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu cikin rahama.

Matarka,
Uwar Abba