Garin Masu Barcin Rana

Agege, watan Shawwal, 1946

Zuwa ga Yaya Maimuna a Zariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa kun yi sallah lafiya, ya maimaita mana. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwan Ikko da ba ya gajiya. Ƙaninki Uwaisu ya samu aiki a tasha, yana lodin goro a jirgin ƙasa, kuma ya fara yin kumari bayan ramar da ya dawo da ita daga yaƙin Bama.

Yaya, maganar 'yarku Rahamatu ce ta sa na rubuto, don kaina ya ɗaure. Kin san bakinta ba ya hutawa. Tun da ubanta ya dawo take binsa da tambayar abin da ya gani a can, shi kuwa ko mu manya ba ya gaya wa. Rannan ta ishe shi, sai ya ce mata sun taɓa shiga wani ƙauye da rana tsaka, suka tarar kowa yana barci a fili, an jeru, har jarirai. Ta tambaye shi yadda suka kwanta, ya mai da hannuwansa baya ya haɗe su, sannan ya tashi ya fita. Ina wurin ina tsince shinkafa, wallahi dariya na yi. Yarinya ta ce lallai mutanen nan sun more, babu mai tashinsu ɗebo ruwa.

Daga nan ta mai da abin wasa. Ta tara yaran gidanmu da na Yarabawan maƙwabta, su kwanta rub da ciki a jere, hannu a baya, wanda ya fara motsi ya faɗi. Wanda ya fi kowa daɗewa a lulluɓe shi da ganyen goro. Mu iyaye mata har murna muke, don gida ya yi shiru.

Ran Talata Uwaisu ya dawo da wuri, ya same su haka a tsakar gida, 'yarsa ce a ƙarƙashin ganyen. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana raba musu hannuwa, yana kiransu da kalmomin da ba Hausa ba, su kuwa suna ta ƙyalƙyala dariya. Da ya zo kan Rahamatu ta ƙi motsi don kada ta faɗi, ya yi ta jijjiga ta har ya kurma ihu. A nan na gane irin barcin, ashe gawawwaki ne ya gani. Daga baya na tambaye shi su wa suka yi wa mutanen haka, ya ce bai sani ba, su dai an ba su shebur. Na kasa ƙara tambaya, ina tsoron amsar.

Yanzu ya ce ba zai iya kallonta ba, sai ya ba ki riƙonta. Har ya yi magana da Malam Shitu mai kai goro Arewa ya taho miki da ita. Ita kaɗai gare ni, Yaya. Na so in roƙe ki ki ce masa ba ki da wuri, to amma idan ta zauna shi zan rasa, ko tuwo ba ya ci idan tana tsakar gida. Na hana wasan, ta ce in gaya mata laifinsa. In faɗa wa 'yar shekara shida gaskiya? Ke kika goya shi, kin fi ni saninsa. Abin da kika yanke shi zan bi, amma ki aiko da amsa kafin Malam Shitu ya ɗaure kaya.

Ki gaishe da Baffa Hamidu da Inna Fatsuma da Ali. Rahamatu tana gaishe ki, tana ta ɗokin shiga jirgi. Ta ce in gaya wa yaranki su shirya, tana tafe musu da sabon wasa.

Taki a kullum,
Zuliha