Zanen da Inna ta so ƙonawa

Yaya Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya jikin maiɗakinka, ya zaman Fatakwal? Mu a Jandutsi lafiya, sai dai zuciyata tafasa take yi.

Ranar Laraba ƙanwarmu Rabi ta je aikin gyaran albasa a rumfar wani dillali a Aliero. Da sauran mata suka tashi, ya tsare ta ya yi mata fyaɗe. Ta dawo leɓe a fashe, wuya duk shatin yatsu. Ƙanenmu Sani ya bi shi da ƙotar fartanya, ya karya masa hannu, ya zubar masa da haƙora. Yanzu Sani ne a kulle, mugun yana asibiti ana kai masa kunu.

Inna ta dafa ruwan wanka, za ta ƙone zanen Rabi, wai a rufa asiri. Na fizge shi daga bakin murhu, na ce, "Inna, asirin wa? Nata ko nasa?" Haka na kai Rabi asibiti ba wanka, likita ta rubuta komai.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida yara. Ka kira Rabi, amma kada ka tambaye ta me ya zaunar da ita a rumfar. Zanen yana hannuna, sai gaban alƙali.

Ƙanwarka,
Asma'u