Yara Goma Sha Ɗaya da Ajin Aljabara

Toledo, 9 ga Satumba

Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar? Ina fata kana shan maganin, ba ɓoye shi kake yi a bayan gwangwanin kofi ba. Ka gaida Goggo Wanda.

Ka san duk hutun nan a kan jadawalin makarantarmu na ƙare. Mun bar gajerun darussa bakwai, mun koma dogaye huɗu, kowanne awa ɗaya da rabi. Yara ɗari shida, kowa na sama masa gurbi. Shugaban makaranta ya yabe ni a gaban malamai, kaina har ya kumbura.

To, ranar Talata wata 'yar aji takwas, Yesenia Quintero, ta shigo ofishina. Shekararsu biyu da zuwa daga ƙasar Honduras, ita da iyayenta. Ta ajiye littafin rubutu a kan teburina, cike da lissafin aljabara da ta kwafo daga littafin yayanta ta warware da kanta. Ta ce, "Malama, laifin me na yi aka hana ni ajin Malam Petrakis?" Na ce babu wanda ya hana ta. Na buɗe jadawalin in nuna mata, sai na ga kuskurena. Ajin aljabara ɗaya ne tak, darasin farko. Ajin ƙarin Turanci na yaran da suka zo daga waje, shi ma darasin farko. Da hannuna na haɗa su lokaci guda. Yara goma sha ɗaya abin ya shafa, Baba! Wanda kuwa bai yi aljabara a bana ba, a baya zai shiga sakandare, da wuya ya kai ga babban lissafin da ake nema a karatun injiniya.

Ban iya kallon idonta ba. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Marcella

Toledo, 28 ga Satumba

Babana,

Ina gaisuwa. Na ji an soma sanyi a wajenku, ka riƙa sa rigar ulun nan, ko da ba ka son kalarta.

Na tashi a taron malamai na faɗi kuskurena da bakina. Na kwana uku ina juya jadawalin, duk inda na taɓa sai wani aji ya rushe. Hanya ɗaya ta rage: a buɗe ajin aljabara na biyu bayan abincin rana, a daidai lokacin hutun Malam Petrakis. Tsoho ne mai ƙorafi, bana zai yi ritaya. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ke Marcella, shekara talatin da ɗaya ina shan alli, 'yar awar da nake miƙe ƙafa ita ce ta tsone miki ido?" Sai na miƙa masa littafin Yesenia. Ya daɗe yana buɗe shafuka. Can ya ce, "Ta yi kuskure a lissafi na bakwai. Turo min ita kafin ya zame mata jiki."

An fara sabon ajin ranar Litinin. Tara sun shiga. Biyu har yanzu ban samo musu hanya ba, kuma abin yana ci mini rai.

Ka rubuto mana, shirun ya yi yawa.

Taka,
Marcella

Toledo, 2 ga Nuwamba

Babana,

Gaisuwa da kewa. Wasiƙarka ta iso. A cikin mota na karanta ta, na kasa tayar da motar.

Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba? Shekarata arba'in da huɗu, sai yau na san cewa kai ma ka nemi ajin aljabara, aka tura ka ajin ƙira saboda kakanmu ba ya jin Turanci sosai. Wai wani malami ya ce hannu gare ka, ba ƙwaƙwalwa ba. Kai da ka yi shekara arba'in a masana'anta kana auna ƙarfe da ka, injiniyoyi suna zuwa tambayarka! Ashe shi ya sa kake zama kusa da ni in ina aikin gida, kana cewa wai hasken fitilar kake gyara mini.

Yesenia ta ci hamsin da takwas cikin ɗari a jarrabawar farko. Ta zo mini a fusace, na ɗauka cewa za ta yi a cire ta. Ashe ƙara ta kawo, wai awa ɗaya da rabi ta yi kaɗan. Sauran biyun kuma na sama wa ɗaya gurbi a zango mai zuwa, ina kan neman na ɗayan.

Ka gafarce ni, na ba Malam Petrakis labarinka. Ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ce in za ka zo bikin Godiya da dangi ke taruwa a ƙarshen watan nan, ka zo tun ranar Litinin, akwai kujera a ajinsa, a layin baya kusa da taga. Ya ce shekara saba'in da ɗaya ba uzuri ba ce, ka zo da fensirinka, shi ba ya ba da aro.

Na ce masa za ka zo. Kada ka ba ni kunya, Baba.

'Yarka mai ƙaunarka,
Marcella